Tiyatar Rage Ƙiba: Rayuwa Kafin Wuƙa da Bayan Wuƙa

Mai tsinkar zogale ta ci gaba da tsinka, mai saƙar hula ta ci gaba da saƙa, amma a ɗan matso da rediyon kusa, domin maganar yau akwai lissafi a cikinta, ba na so a ji rabi a bar rabi.

Wasiƙar wata baiwar Allah ce ta jawo zancen, ta kuma roƙe ni in sakaya sunanta da garinsu. Shekarunta 38, 'ya'yanta biyar, nauyinta kilo 128. Shekara shida ke nan tana fama da ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwoyi da suka ƙi ɗaukarta. Maigidanta ya ji labari a bakin abokan kasuwancinsa cewa ana yin tiyatar rage ƙiba a Masar da Indiya da Turkiyya, har ya ce zai sayar da filinsa ya kai ta. Mahaifiyarta kuma ta ce sam, ba da yawunta za a yanka mata 'ya ba, tana tafe da ƙafafunta. Ita kuwa ta rasa tudun dafawa. Abin da take so ta sani shi ne: in an yi aikin nan, wace irin rayuwa mutum yake dawowa ya tarar?

'Yar uwa, tambayarki ta yi kyau, don yawancin masu tallar aikin nan hoto biyu kawai suke nunawa. Ga mace a cike, ga ta kuma ta zabge tana murmushi. Abin da ke tsakanin hotunan biyu, da abin da zai biyo bayan na biyun har ƙarshen rayuwa, shi ne ba a cika faɗa ba. Hukuncin a yi ko kada a yi yana hannun likitan da ya duba ki. Nawa shi ne in kawo miki abin da masana suka tabbatar.

Mu fara da gida. Mu dai a wurinmu ƙiba ado ce. Amarya in ta yi wata uku ba ta ciko ba, sai dangi su fara ƙus-ƙus, ko maigidan ba ya ajiye abinci ne? Mace in ta rame, da wuya a ce mata sannu da ƙoƙari, sai dai a ce me yake damunki. Har ta kai 'yan mata da matan aure suna aika yaro kemis ya sayo musu ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Da yawa daga cikinsu maganin wasu cututtuka ne masu tsanani, irin su dezametason, wanda in aka daɗe ana sha yake kumbura fuska, ya tayar da suga, ya tayar da jini, ya raunana ƙashi. Ke da kike sha, kada kuma ki ji maganata ki watsar da shi yau farat ɗaya, don yanke shi gaba ɗaya bayan an daɗe a kansa yana da nasa haɗarin. Ki je ki gaya wa likita gaskiya, shi zai nuna miki yadda za ki sauka a hankali.

Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana da ƙibar da ta kai matsayin cuta. A nan Nijeriya ma, binciken lafiyar al'umma na 2018 ya gano kashi 28 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya zarce ƙima.

Amma ƙibar da muke magana a kanta yau ba 'yar cikowar nan ba ce da ke sa atamfa ta zauna. Wadda take cikinta ta san abin da nake nufi. Ta durƙusa a banɗaki, tashi ya zama aiki sai ta dafa bango. Ta share rabin tsakar gida tana haki kamar ta yi dakan buhu. Salla sai a kan kujera, alhali ba ta kai arba'in ba. Lokacin zafi cinyoyi su goge, ƙarƙashin mama da matse-matsi su yi jajir suna ƙaiƙayi, ba ta kuma iya gaya wa kowa. Da dare ta yi ta minshari, numfashi ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ya dawo da ƙarfi, gari ya waye ta tashi da ciwon kai, tana cikin tsintar shinkafa barci ya sace ta. Wannan minshari mai yankewar numfashi cuta ce mai zaman kanta, tana kuma wahalar da zuciya. Wata al'adarta ta rikice, haihuwa ta tsaya, a yi ta bin masu magani. Ga kuma baki. Tela ta ce turmi ɗaya ba zai isa ba, a gaban mutane. Abokiyar zama ta yi habaici da kujerar da ta karye. Sai mace ta daina zuwa suna da biki ko da an ba ta izini, ta ƙara wa kanta kulle a cikin kulle.

Kada wata ta ce ai ci ne ya yi mata yawa, ta rage mana. Akwai ci a ciki, gaskiya ne. Amma akwai gado, akwai haihuwa a kai a kai, akwai zama wuri ɗaya, akwai magunguna. Kuma jikin ɗan Adam in ya saba da wani nauyi, yakan yi ta kokawar komawa can. Kina rage abinci, shi kuma yana ƙara miki yunwa yana rage abin da yake ƙonawa. Shi ya sa za ki ga mace ta wahala ta zubar da kilo goma, shekara ta zagayo ta mai da sha biyu.

To wa ya cancanci aikin? Likitoci suna da ma'auni, ke ma za ki iya lissafa shi, ko ki sa ɗanki ɗan makaranta ya yi miki. A auna tsawonki da mita, a ninka shi da kansa, sannan a raba nauyinki da abin da ya fito. A ce mai wasiƙarmu tsawonta mita 1.6 ne. In aka ninka 1.6 sau 1.6 za a sami 2.56. A raba 128 da 2.56, ya ba da 50. Daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai. Daga 30 an shiga ƙiba. Tun 1991 ƙa'idar da aka bi ita ce ba a yi wa mutum aikin sai ya kai 40, ko kuwa 35 in yana da wata cuta kamar suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta, suka ce daga 35 ana iya yi, mai ciwon suga kuma ana iya duba lamarinta tun daga 30. Kin ga ke nan mai 50 ga suga ga hawan jini tana cikin waɗanda aka yi aikin dominsu. Wadda kuwa 'yar teɓar haihuwa ce kawai ta dame ta, ba da ita ake ba.

A nan sai na raba muku abu biyu da ake yawan haɗawa. Akwai zuƙe kitse, inda ake zura bututu a ƙarƙashin fata a tsotse kitsen ciki ko na cinya. Wannan aikin gyaran sura ne, ba ya maganin suga, ba ya maganin hawan jini. Da yawanku za ku tuna rasuwar Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na wancan lokaci, a watan Oktoba na 2005 a ƙasar Sifen. Irin wannan aiki ne aka yi mata, daga baya a 2009 kotu a can ta sami likitan da laifin sakaci. Tun daga lokacin in aka ce tiyatar ƙiba sai gaban mutane ya faɗi. Wanda muke magana a kai daban ne, shi ba a taɓa kitsen ko kaɗan. Tumbi ake taɓawa.

Iri biyu ne suka fi yawa yanzu. Na farko yankan tumbi. Ana yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbin a fitar da shi, a ɗinke ragowar ya zama siriri kamar ayaba. Ɓangaren da ake cirewa shi ne ya fi samar da sinadarin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ana jin yunwa, don haka yunwar ma takan ragu. Ki riƙe wannan: abin da aka yanke ya tafi ke nan, ba a mayar da shi. Na biyu karkatar da hanya. Ana ware ɗan aljihu a saman tumbi wanda bai wuce girman ƙwai ba, a jawo ƙaramin hanji a haɗa da shi, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Wani likita a Jami'ar Iowa ta Amurka, Edward Mason, shi ya fara irin wannan a 1966, bayan ya lura cewa waɗanda aka yanke wa tumbi saboda gyambon ciki ba sa yin ƙiba. A da farke ciki ake yi. Yanzu 'yan ƙofofi huɗu ko biyar ake hudawa, a zura kyamara da kayan aiki, mutum ya kwana biyu ko uku a asibiti.

Kafin a kai ga wuƙa akwai shiri. Za a gwada jini, a duba zuciya, a duba numfashi, a tambayi duk maganin da kike sha, na asibiti da na gargajiya. Kada ki ɓoye komai, musamman in kin taɓa shan ƙwayar ƙiba. Sannan kamar mako biyu kafin aikin za a ɗora ki a kan abinci ɗan kaɗan marar maiƙo da sitaci, domin hanta ta saki kitse ta ragu, don tana kwance ne a kan tumbi, sai an ɗaga ta ake kai wa gare shi. Asibitin da ya ce ki sauka daga jirgi yau a yi miki aiki gobe ba tare da wannan shiri ba, ki yi shakkarsa.

Yanzu mu zo bayan wuƙa, inda nake so mu ɗan zauna.

Ranar da aka yi aikin ma za a ce ki tashi ki taka, don kada jini ya yi guda a ƙafa. Makonni biyun farko ruwa-ruwa ne zalla, romon kaza da aka tace, madara marar maiƙo, ruwa, ana kurɓa kaɗan-kaɗan kamar mai shan magani. Daga nan a koma abin da aka dama ya yi laushi kamar na yaye. Sai a hankali a kai ga dafaffen ƙwai, kifi, alale, faten wake, kindirmo marar sukari. Sai an yi wata ɗaya da rabi zuwa biyu kafin a koma abinci mai tauri. Ko an koma ɗin ma, Hajiya, malmalar tuwo ta wuce ki. Cokali kaɗan kin ƙoshi. In kika ƙara loma ɗaya a kan ƙoshi, za ki ji ta tokare miki ƙirji, sai amai.

Tsarin cin ma juyewa yake yi. Mu mun saba tuwo ne abinci, nama kuwa ɗan yanka ɗaya ne a gefe. Ita wadda aka yi wa aiki nama ko kifi ko ƙwai ko wake ko awara za ta fara ci, don jikinta na bukatar abinci mai gina jiki, kimanin giram 60 zuwa 80 na furotin a yini, in ba haka ba tsoka ce za ta zube tare da kitsen. Sai ganye, sannan in da sauran wuri ta taɓa tuwo. Za ta tauna kowace loma har ta zama kamar kunu. Ba a haɗa ci da sha, sai a ba da tazarar kamar rabin awa tsakaninsu. Duk da haka ana so ta sha ruwa lita ɗaya da rabi a yini, ga shi ba ta iya ɗaga moɗa ta shanye. Ku auna wannan da zafin watan Afrilu. Gorar ruwa ba ta barin hannunta ke nan.

Ku duba yadda wannan zai kasance a gidajenmu. Ana zuba abinci a faranti ɗaya a ci tare, hannu baka hannu ƙwarya, ke kuwa loma uku za ta ɗauke ki minti goma. Ranar girkinki ce, kin tuƙa tuwon mutum ashirin, ƙamshin miyar kuka ya cika gida, abin da za ki ci bai kai na yaron goye ba. Kin je gaida uwar miji, ta dama miki fura da hannunta ta zuba sukari, in kin ƙi sha an ce raini, in kin sha kuma ki ga ta kanki. Domin waɗanda aka yi wa karkatar da hanya musamman, in zaƙi ya faɗa hanji da sauri, cikin 'yan mintuna zuciya ta hau bugawa, gumi ya karyo, jiri, murɗar ciki, gudawa. Lemon kwalba mai gas kuwa an yi sallama da shi. Shi ya sa nake ganin ba daidai ba ne a yi aikin nan a ɓoye wa mutanen gida. Waɗanda kike ci da su dole su san abin da ake ciki, in ba haka ba kullum cikin ba da haƙuri kike.

Sai maganar da ta fi kowace muhimmanci, wadda ita ce aka fi sakaci da ita. Bayan aikin jiki ba ya iya tsotsar wasu sinadarai yadda ya saba. Bitamin B12 sai da taimakon wani abu da tumbi ke samarwa yake shiga jini, ga shi an rage tumbin. Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini a farkon hanji aka fi tsotsarsa, ga shi an tsallake wurin. Mu mata kuma kowane wata muna zubar da jini. Saboda haka za ki sha ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi kullum, wata ma har da allurar B12 lokaci-lokaci, ba na wata shida ba, har iyakar rai. Za a riƙa gwada jininki bayan wata uku, wata shida, shekara, daga nan kowace shekara. Wadda ta bari, abin ba ya nunawa nan da nan. A hankali za ta ga kasala, ƙafafu suna mata kamar ana tsira allura, mantuwa, ƙashi ya yi rauni. In kuma amai ya ƙi tsayawa kwana da kwanaki a watannin farko, a garzaya asibiti, don ƙarancin bitamin B1 kan taɓa ƙwaƙwalwa, wani lahanin ba ya gyaruwa.

To maigida, in kana kusa kana ji, da kai nake. Kuɗin fili zai biya jirgi da asibiti. Wa zai sayi maganin shekara ashirin? Wa zai ba ta izinin fita gwajin jini a kan lokaci, ba sai ta kwanta ba? In ka san ba za ka iya ɗaukar na bayan ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma magungunan ciwon jiki da muka mayar kamar gyaɗa, su ibufurofen da diklofenak da duk wani gari mai asfirin a ciki. Ga wadda aka yi wa aikin nan, musamman karkatar da hanya, suna iya haƙa gyambo a wurin ɗinkin. Farasitamol ne nata, sauran sai da izinin likita. Maganin suga da na hawan jini kuma dole a sake musu lissafi tun daga asibiti, don in ta ci gaba da shan adadin da ta saba, sugan zai iya faɗuwa ƙasa warwas.

Haihuwa fa? Wannan albishir ne da gargaɗi a haɗe. Mata da yawa da ƙiba ta tsayar wa al'ada, suna fara ramewa sai ta daidaita, ciki ya shiga ba zato. Amma likitoci suna so a jira wata 12 zuwa 18, saboda a lokacin jiki na zubewa da sauri, abin da uwa ke ci bai ishe ta ba balle ɗan tayi. Kuma bayan karkatar da hanya ba a dogara da ƙwayar tazarar haihuwa ta haɗiya, don ba lalle ta shiga jini yadda ya kamata ba. Sai a zaɓi wata hanyar. Wannan magana ce da za a gama ta tsakanin mata da miji da likita kafin a shiga ɗakin tiyata. Haka azumi. Wadda ba ta iya shan ruwa da yawa a zama ɗaya, ba ta iya cika ciki da sahur, yawancin likitoci sukan ce ta dakata a watannin farko, wasu su ce shekarar farko duka. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame, sai ta tambayi likitanta ta kuma tambayi malamai yadda za ta rama.

Jikin kansa zai ba ki mamaki. Tsakanin wata na uku da na shida gashi yakan zube, ki ga matsefi ya cika, kitso ya ƙi kamuwa. Yawanci yana dawowa. Za ki riƙa jin sanyi ko da mutane na fifita. Saurin ramewa kan jawo tsakuwa a matsarmama. Waɗanda aka yi wa yankan tumbi wasunsu sukan gamu da ƙwannafi mai naci. Fata kuma ba roba ba ce. Wadda ta ɗauki shekara goma sha biyar a miƙe ba za ta koma ba, za ta saki a ciki da damatsa da cinyoyi da mama. Cire ta wata tiyatar ce daban da kuɗinta daban. Ga mai tunanin za ta dawo kamar ranar da aka kai ta ɗaki, gara ta ji tun yanzu. Abin da aka fi samu shi ne mutum ya zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinsa. Mai kilo 128 za ta sauka wajen 90 zuwa 96. Har yanzu cikakkiyar mace ce, sai dai mai iya sujada, mai iya goya ɗanta. Kuma bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu nauyi yakan ɗan fara dawowa. Abin da ke dawo da shi da sauri shi ne abin sha mai zaƙi, shayi mai kauri, zoɓo da kunun aya da aka cika wa sukari, don su ruwa ne, ƙaramin tumbi ba ya tare su.

Zuciya ma tana da nata. Mace da yawa abinci ne abokin hirarta. Ran da aka ɓata mata rai, ta shiga ɗaki da kwano. In aka ɗauke wannan, damuwar tana nan, sai ta rasa inda za ta kai ta. An lura cewa wasu sukan shiga baƙin ciki mai tsanani bayan aikin, don haka wadda ta ga ta daina jin daɗin komai, kada ta yi shiru. Zaman aure ma yakan motsa. Wani bincike da aka buga a 2018 a kan mutanen Suwidin ya nuna cewa bayan aikin marasa aure sun fi samun aure, amma kuma rabuwa ta ƙaru tsakanin ma'aurata. Can Suwidin ne, al'adarsu daban. Amma ko a nan ba abin mamaki ba ne namijin da ya aure ki a cike ya ce shi ba haka ya san ki ba, ko maƙwabta su fara raɗe-raɗin wata muguwar cuta ce ta kama ki. Ki shirya wa bakin duniya.

Kada ku ce na tsorata ku. Amfanin aikin nan tabbatacce ne. A Suwidin ɗin dai, tun 1987 aka fara bin mutum kusan dubu huɗu masu ƙiba, rabi an yi musu aiki, rabi ba a yi ba. Rahoton 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa sun fi sauran tsawon rai da kimanin shekara uku, ko da yake ba su kamo sauran jama'a marasa ƙiba ba. A asibitin Cleveland na Amurka kuma an gwada masu ciwon suga 150. Bayan shekara biyar, kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa karkatar da hanya da kashi 23 na masu yankan tumbi sugansu ya sauka inda ake so, alhali cikin masu shan magani kaɗai kashi 5 ne. Wasu tun ba su bar asibiti ba sugan yake fara sauka. Minshari yakan ragu, gwiwa ta sami sauƙi. Haɗarin mutuwa a watan farko, a hannun ƙwararru, bai wuce mutum 1 zuwa 3 cikin dubu ba, kusan daidai da na cire matsarmama.

A hannun ƙwararru na ce. Babban abin tsoro shi ne ɗinkin tumbi ya yi yoyo, kuma yakan bayyana ne a kwanaki ko makonnin farko, lokacin da mai tafiya waje ta riga ta dawo gida. Alamominsa bugun zuciya da sauri, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, ciwo a kafaɗar hagu, numfashi sama-sama. Wannan ba na jiƙe-jiƙe ba ne, ba na a bari gari ya waye ba ne. A 2023 gwamnatin Birtaniya ta ce ta san da mutuwar 'yan ƙasarta fiye da 25 a Turkiyya tun daga 2019 bayan ayyukan asibiti iri-iri. Su ke nan da suke da asibitocin komawa. Araha ba ta ado. Kafin a sayi tikiti, a fara samun likita a nan gida wanda ya yarda zai karɓe ki in kin dawo.

Akwai wata baiwar Allah 'yar Iskandariyya ta ƙasar Masar, Eman Ahmed, wadda labarinta ya zaga duniya a 2017. Danginta sun ce ta kai kilo 500, ta kuma yi shekara 25 ba ta fita daga gida ba. Sai da aka fasa bangon ɗakinta aka sauko da ita a kan gadonta da injin ɗaga kaya, aka sa ta a jirgin dakon kaya zuwa Mumbai ta Indiya a watan Fabrairu. A watan Maris aka yi mata yankan tumbi a asibitin Saifee, nauyinta ya ragu ƙwarai. A watan Mayu aka mayar da ita Abu Dhabi, a can ta rasu a watan Satumba tana da shekara 37, sakamakon ciwon zuciya da na ƙoda. Likitocinta sun ce wata matsala ce ta gado da ba a cika samu ba ta hana ta jin ƙoshi tun tana ƙarama. Allah ya jiƙanta. Abin da ya tsaya mini a rai a labarinta shi ne shekara 25 ɗin nan. Wuƙa ta rage tumbi, amma ɓarnar da shekaru suka yi wa zuciya da ƙoda ta riga ta yi nisa. Don haka Inna da ta ce ba za a yanka mata 'ya ba, tsoronta yana kan hanya, amma a gaya mata cikin ladabi cewa zama da suga da hawan jini a kan kilo 128 shi ma haɗari ne, kullum ƙaruwa yake.

Wata za ta ce ta ji labarin allura. E, akwai. Ozempic an amince da ita a Amurka a 2017 don ciwon suga, 'yar uwarta Wegovy kuma a 2021 don rage ƙiba. Sau ɗaya ake yi a mako, tana rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi. Akwai Mounjaro da ta fi su ƙarfi. Suna da tsada, in aka daina kuma yawancin nauyin yakan dawo, ba a kuma yin su da juna biyu. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa jabunsu sun shiga kasuwa. Wadda dillaliya ta shigo miki da ita gida a cikin jaka, ko aka tallata miki a WhatsApp, kada ki kusance ta.

Ga sauranmu da ba mu kai can ba, ki ari tef ɗin tela ki auna ƙugunki, ɗan sama da cibiya, ba tare da kin haɗiye ciki ba. In ya wuce santimita 88, lokaci ya yi da za ki nemi izini ki je a gwada miki suga da jini, ko da ba kya jin komai. Tsakar gida ta isa wurin tafiya, ki zaga ta na rabin awa da sanyin safiya kafin yara su tashi, ki ja abokiyar zama ku yi tare in ana shiri.

Lokaci ya cimmana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki ciwon suga lokacin goyon ciki, don wasiƙu sun taru a kansa. Mai tambaya ta ba yaro takarda ya kawo gidan rediyo, ba sai ta sa suna ba. A gaida masu gida, a shafa mini kan yara. Wassalamu alaikum, ku huta lafiya.